Muridi Da Shafukan Sada Zumunta: Shiga Ko Ƙauracewa?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ba mu aron kwanaki ƙididdigaggu, ya kuma lulluɓe aibobinmu da suturarsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

  

Gabatarwa

An umurce ni da in yi magana a kan wata mas'ala wadda ta yawaita a bakin 'yan'uwa a zawiyoyi da makarantu, na kuwa amsa ne domin biyayya ga magabata, ba don na fi waɗanda ke zaune a nan sani ba. Mas'alar ita ce ta shafukan intanet da ake kira na sada zumunta, irin su Facebook da WhatsApp da TikTok da Instagram da X. Saurayi yana tambaya ko ya buɗe shafi. Ɗan kasuwa yana tambaya, domin an ce masa ciniki ya koma can. Uwa tana tambaya saboda 'yarta ta matsa mata. Har dattijon malami ma almajiransa suna roƙonsa ya yarda su riƙa saka karatunsa. Wanda kuma ya riga ya shiga yana tambayar kansa a ɓoye: shin riba na ci ko faɗuwa na yi?

Amsar a taƙaice ita ce, wannan wuri kasuwa ce, kuma kuɗin da ake biya a ƙofarta lokaci ne da sirri. Wanda yake da buƙata sananniya, ya iya ƙayyade lokacinsa, ya kuma iya rufe ƙofar gidansa, to ya shiga. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan, zamansa a waje ya fi masa alheri, kuma babu abin kunya a ciki. Sauran jawabin nan sharhi ne na waɗannan kalmomi.

Mas'ala ta farko: Tambayar ta girmi wayar

Ya ku 'yan'uwa, ku sani cewa na'urar ce sabuwa, amma tambayar tsohuwa ce. Tun zamanin magabata malaman tasawwufi suke tattaunawa a kan wanne ya fi ga mai neman Allah, keɓewa daga mutane ko cuɗanya da su. Hujjatul Islami Imamul Gazali, Allah ya ƙara masa yarda, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, daidai da 1111, ya ware littafi guda cikin littattafai 40 na Ihya'u Ulumid Dini a kan ladubban keɓewa. A ciki ya jera amfanin keɓewa, kamar samun sararin ibada da tunani, da kuɓuta daga giba da riya da husuma, da yanke kwaɗayin abin hannun mutane. Ya kuma jera amfanin cuɗanya, kamar koyo da koyarwa, da neman na kai ta hanyar halal, da sauke haƙƙin 'yan'uwa, da horon rai ta hanyar haƙuri da halayen jama'a. Da ya gama awon, bai yanke hukunci guda ga kowa da kowa ba. Ya mayar da al'amarin ga halin mutum, da halin waɗanda zai zauna da su, da dalilin zaman.

Wannan ma'auni shi ne namu a yau, sai dai da bambanci guda mai girma. A da, mai son cuɗanya sai ya sa takalmi ya fita, in ya gaji ya dawo gida ya tura ƙyaure, kasuwa kuma tana tashi idan rana ta faɗi. Tun da layukan wayar salula suka fara aiki a Nijeriya a 2001, daga baya intanet ta shiga cikin wayar, sai kasuwa ta tare a aljihu. Tana bin mutum zuwa shimfiɗarsa, tana bin sa zuwa sahun masallaci, ba ta tashi dare ko rana. Saboda haka mutum zai iya rufe kansa a ɗaki da sunan halwa alhali yana tsakiyar taron da ya fi Kasuwar Kurmi cika.

Mafi yawan malamanmu ba su ƙi wata hanya don sabuntarta kawai ba. Sun karɓi injin ɗab'i, sun yi tafsiri a rediyo, an ɗauki karatunsu a kaset. Amma sukan tambayi abu biyu kafin su karɓa: me yake bayarwa, me kuma yake karɓa? To, mu ma mu yi tambayar.

Mas'ala ta biyu: Da me mai kasuwar yake cin abinci?

An kafa Facebook a 2004 a Jami'ar Harvard ta ƙasar Amurka, aka buɗe shi ga kowa a 2006, kuma a 2023 masu amfani da shi kowane wata sun haura mutum biliyan 3. Kamfanin ya sayi Instagram a 2012 a kan dala biliyan 1, ya sayi WhatsApp a 2014 a kan kimanin dala biliyan 19, sa'an nan a 2021 ya sauya sunansa zuwa Meta. Twitter, wanda aka kafa a 2006, Elon Musk ya saye shi a 2022 a kan dala biliyan 44, ya koma X a 2023. TikTok kuwa kamfanin ByteDance na ƙasar Sin ne ya ƙirƙiro shi.

Mai hankali zai tsaya a nan ya yi tunani. Ana buɗe shafi ba tare da an biya ko sisi ba, to don me ake zuba irin wannan dukiya? Hausawa suka ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na kuɗin shigar kamfanin Meta daga talla yake fitowa. Mai talla kuwa abu biyu yake saye: idon mutum ya daɗe a kan waya, da sanin wane ne mai idon, shekarunsa, garinsu, da abin da ransa ke karkata gare shi. Ashe haja a wannan kasuwa ita ce mai shiga.

Domin idon ya daɗe, an gina cikin manhajar wani tsarin lissafi mai lura da abin da ka tsaya a kansa, da tsawon tsayawar, da abin da ka maimaita kallo, sai ya ƙaro maka irinsa. In ka tsaya a kan karatu zai kawo karatu. In ka tsaya a kan rigimar malamai zai kawo wadda ta fi ta zafi, domin abin da ke tayar da rai ya fi riƙe ido. Shi wannan lissafi bai san halal ko haram ba, daɗewarka kawai yake aunawa. Haka nan an cire wa shafin ƙarshe. Littafi yana da tammat, jarida tana da bango na baya, amma shi kana jan yatsa yana ƙaro maka. Mutumin da ya ƙirƙiro wannan salo a 2006, wani Ba'amurke mai suna Aza Raskin, daga baya ya fito fili ya nuna nadamarsa. Don haka wanda ya ce zai leƙa na minti biyar sai ya tarar sa'a ta wuce, ya sani cewa ba raunin himmarsa kaɗai ba ne, da gangan aka gina wurin haka. Sanin wannan shi ne farkon tsaron kai.

Mas'ala ta uku: Lissafin lokaci

Mutanen tariƙa sun fi kowa sanin darajar lokaci, domin dukkan tarbiyyarsu a kan lokuta aka gina ta. Akwai wuridin safe, akwai na yamma, akwai zaman jam'i, akwai zikirin Juma'a, akwai rabon ƙarshen dare ga wanda Allah ya ba shi iko. Jarin muridi numfashinsa ne, kuma wanda ya fita ba ya dawowa.

Bari mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Wanda yake ba wa shafi sa'a 2 kullum, a shekara ya ba shi sa'a 730. In aka raba wannan gida 24, ya zama kwana 30 da ɗoriya, dare da rana babu barci. Wato wata guda cur a kowace shekara, a shekara 12 kuwa shekara ɗaya ke nan daga rayuwa. Idan mai karatu a tsanake yana kammala izu ɗaya a rabin sa'a, to sa'a 2 izu 4 ce, kuma izu 60 za su ƙare a kwana 15. Mai sana'a ya auna da sana'arsa, ɗalibi ya auna da littafin da ya daɗe bai sauke ba, magidanci ya auna da hirar da iyalinsa ke jira.

Hasarar ba a yawan sa'o'i kaɗai ta tsaya ba. Zuciya kamar randa take, abin da aka zuba mata shi take bayarwa. Wanda ya buɗe ido da asuba ya fara da waya, ya ga gawa, ya ga zagi, ya ga rawa, ya ga farashin kaya, sa'an nan ya ɗauki carbi, to harshensa zai yi zikiri amma zuciyarsa tana can tana ba wa wani amsa. Halartowar zuciya ita ce ruhin wuridi, kuma ita ce farkon abin da waya ke ɗauka. Haka wanda ya kwanta da ita har tsakar dare, ƙarshen darensa ya tafi, asubarsa ma sai da ƙyar.

Magabata sun bar mana magani, shi ne yi wa kai hisabi. Harisul Muhasibi, wanda ya rasu a Bagadaza a 243 bayan Hijira, daidai da 857, ya sami laƙabinsa ne saboda yawan yi wa ransa hisabi. Abin mamaki, wayar da kanta tana taimakawa a nan, domin tun daga 2018 wayoyin Android da iPhone suna ɗauke da wani sashe a cikin saituna mai nuna sa'o'in da aka ɓata a kowace manhaja. Kowa ya buɗe nasa yau da dare ya duba, ko ya sa ɗansa ya buɗe masa. Lambar da zai gani ba ta yin kara, kuma ta fi kowane wa'azi ratsa jiki.

Mas'ala ta huɗu: Zaure da tsakar gida

Kakanninmu sun gina gida da hikima. Baƙo yana tsayawa a ƙofa ya yi sallama, in an amsa ya shiga zaure. Aboki na kusa yakan wuce soro na biyu. Tsakar gida ta muharramai ce, ɗaki kuma na mai shi ne. Suratun Nur ta koyar da neman izini kafin shiga gidan wani, ginin Bahaushe kuwa fassarar wannan ladabi ce da ƙasa da azara. To wayar nan ba ta tsayawa a zaure. In mai ita bai yi hattara ba, sai ta ɗauki tsakar gida ta kai ta bakin titi.

Sirrin da ke cikin haɗari iri uku ne.

Na farko, sirrinka da na iyalinka. Wani ɓangarensa kamfani ne yake tarawa. A 2018 aka bankaɗo cewa wani kamfanin Ingila mai suna Cambridge Analytica ya samu bayanan masu amfani da Facebook da yawansu zai iya kai miliyan 87, domin aikin siyasa, ba da sanin mafi yawansu ba. A 2019 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci tarar Facebook dala biliyan 5. A nan gida ma, an sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya a watan Yunin 2023, kuma a watan Yulin 2024 hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya ta ci tarar Meta dala miliyan 220, bisa zargin sarrafa bayanan 'yan ƙasa ba da yardarsu ba. Dokoki suna da amfani, amma tara ba ta mayar da sirrin da ya fita. Wani ɓangaren kuma mutum ne da hannunsa yake bazawa: hoton sabuwar mota, da ƙofar gida, da kayan makarantar yara, da sanarwar ranar tafiya da hanyar da za a bi. A wannan zamani na masu garkuwa da mutane da 'yan damfara, wannan tamkar zana wa ɓarawo taswira ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, sirrin wasu da ke hannunka, wanda amana ne. Lambobin da ke cikin wayarka na mutane ne. An ga yadda wasu manhajojin ba da rance suke neman izinin duba lambobin mai karɓar bashi, in ya yi jinkirin biya sai su aika wa surukansa da malamansa saƙon tozarci, har sai da hukuma ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a 2022. Haka hoton matar wani a wurin biki, da hoton mara lafiya a gadon asibiti, da na mamaci, da muryar ɗan'uwa da ya aiko maka kai kaɗai. Ba ka da ikon yaɗa ko ɗaya sai da izini. Kada kuma a ruɗu da cewa saƙon WhatsApp a kulle yake. Gaskiya ne tun 2016 saƙonninsa suna tafiya a kulle tsakanin mai aikawa da mai karɓa, amma kullen yana ƙarewa a hannun mai karɓa, shi kuwa yana iya ɗaukar hoton saƙon ya tura inda ya ga dama. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa ko ka goge naka, kwafinta yana wayar wani.

Na uku, sirrin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, kuma wannan ya fi shafar mutanen wannan majalisi. Shehunai sun tarbiyyantar da mu a kan ɓoye aiki, domin riya da son a ji suna cinye lada kamar yadda gara ke cinye azara. Shafin sada zumunta kuwa an gina shi a kan nunawa da ƙirga masu yabo. Mutum ya ba da sadaka ya ɗauki fuskar mai karɓa, ya tozarta talaka ya kuma jefa ladansa cikin haɗari. Wani ya yi mafarki, ko shehinsa ya faɗa masa magana a keɓe, kafin gari ya waye ta zaga duniya. Wani kuma ya ga ɗan'uwansa hawaye sun rinjaye shi a halƙar zikiri, sai ya ɗauke shi bidiyo ya saka, waɗanda ba su san komai ba su mayar da shi abin dariya. Ina roƙon 'yan'uwa, ko a wannan taro namu, kada a ɗauki wani ba da izininsa ba, musamman ɓangaren iyayenmu mata. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Mas'ala ta biyar: Harshe ya koma yatsa

Malamai sun daɗe da cewa alƙalami ɗaya ne daga cikin harsuna biyu. Duk abin da ya haramta a faɗa ya haramta a rubuta, kuma mai turawa abokin tarayyar mai ƙirƙira ne. Suratul Hujurati ta yi umurni da tantance labari kafin aiki da shi, ta hana mummunan zato da binciken asirin mutane da giba. Imamu Muslim ma, a gabatarwar Sahihinsa, ya ware babi a kan hana mutum ba da labarin duk abin da ya ji. Malaman hadisi sun yi tafiyar watanni domin tabbatar da mai ruwaya guda, mu kuwa saƙo yana zuwa babu isnadi, babu sunan marubuci, sai mu watsa shi cikin daƙiƙa.

Sakamakon wannan ya taɓa rayuka. A watan Agustan 2014, lokacin da cutar Ebola ta ɓulla a Legas, wani saƙo ya zaga wayoyin Nijeriya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi iyalansu suka aikata, aka kwantar da wasu a asibiti, aka kuma ba da rahoton rasuwar wasu. Mafi yawan waɗanda suka tura saƙon da kyakkyawar niyya suka yi, amma niyya ba ta mayar da gishiri magani ba. A ƙasar Indiya, jita-jitar satar yara da aka yaɗa ta WhatsApp ta sa an kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, har kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri 5 a lokaci guda, a can a 2018, a sauran duniya kuma a 2019. Yanzu kuma da ƙirƙirarriyar basira ana iya kwaikwayon muryar malami ko fuskarsa a sa masa maganar da bai yi ba, balle yanke karatu a ɗauki rabin jumla a bar rabi.

Saboda haka idan aka turo maka zagin shehinka ko na wani malami, kada ka tura shi ko da sunan nuna takaici, domin turawar ita ce abin da mai zagin ke nema, kuma ita ce ke sa lissafin manhajar ya ƙara yaɗa shi. Raddi aikin malamai ne masu ilmi da natsuwa. Almajiri ya kame yatsansa, ya kai maganar ga na gaba da shi.

Mas'ala ta shida: To wa zai shiga, kuma da wane sharaɗi?

Adalci ya wajabta a faɗi alherin wurin. Da shi ɗan ci-rani a Kumasi ko Jidda yake ganin fuskar mahaifiyarsa. Da shi matar aure take sayar da turare da ɗinki daga ɗakinta. Da shi ake sanar da jana'iza, a tara taimakon mara lafiya, wanda ke nesa kuma ya saurari karatun da ƙafarsa ba za ta kai shi ba. Mutane a nan kashi uku ne. Akwai wanda shigarsa ta fi, kamar malamin da ake buƙatar ilminsa da mai sana'ar da abincinsa ke can. Akwai wanda ƙauracewarsa ta fi, kamar mafarin muridi da zuciyarsa ba ta zauna ba, da ɗalibi mai hadda, da wanda ya san kansa da saurin fushi ko raunin ido. Akwai kuma na tsakiya, wanda lamba ɗaya ta kira da saƙo ta ishe shi. Kowa ya san kashinsa, in ya rikice ya shawarci malaminsa.

Wanda ya ƙudurta shiga, ga sharuɗɗa bakwai.

Na ɗaya, ya ambaci buƙatarsa da baki, ko ya rubuta ta. In bai iya faɗarta a jumla ɗaya ba, ko ya ce don kowa yana ciki, to ba shi da buƙata tukuna.

Na biyu, ya zaɓi shafi ɗaya da ke biyan wannan buƙata ya bar sauran.

Na uku, ya haramta wa wayar wasu lokuta: daga farkawa har ya gama wuridin safe, da lokacin salla da zikiri, da gaban malami, da kan akushi tare da iyali, da bayan ya hau shimfiɗa. Ya sa mata lokaci sananne kamar yadda ake sa wa kasuwa rana.

Na huɗu, ya kashe ƙararrawar sanarwa, domin ya zama shi ke zuwa wurin waya idan ya so, ba ita ke kiransa ba.

Na biyar, ya gina zaurensa a cikin saituna. Ya taƙaita masu ganin hotonsa, da masu ikon jefa shi cikin guruf, ya hana manhaja ganin lambobinsa da wurin da yake in ba dole ba. Ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Kada ya ba kowa lambobi shida da ake aikowa ta saƙon waya, ko da mai kiran ya ce daga zawiya yake ko za a yi taro ne, domin da su ake ƙwace shafin mutum a riƙa roƙon kuɗi da sunansa.

Na shida, kada ya rubuta abin da ba zai iya faɗa a zaure gaban mahaifinsa da malaminsa ba, kada kuma ya tura abin da bai san asalinsa ba.

Na bakwai, ya ɗauki shigar a matsayin gwaji na kwana 40. In sun cika ya zauna ya yi hisabi: yaya wuridina, yaya karatuna, yaya barcina, yaya zamana da iyalina? In ya ga ƙari ya ci gaba, in ya ga ragi ya fita ba tare da jin nauyin kowa ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ina ƙara tunatar da masu saka karatun malamai da masu ciniki cewa rumfar aro ce. Gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Twitter daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kamfani ma yana iya rufe shafin mutum a wayi gari babu shi. A ajiye asalin karatu da lambobin abokan ciniki a wani wuri na daban.

Game da yara kuwa, kamfanonin da kansu sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, ƙasar Ostireliya kuma ta ɗaga nata zuwa 16 da dokar da ta fara aiki a watan Disambar 2025. In waɗanda abin ya fito daga wajensu suna yi wa 'ya'yansu shinge, mu ne muka fi cancanta. Amma uban da ke cin abinci ido a kan waya ba zai iya hana ɗansa ba, domin yaro da ido yake koyo kafin kunne.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa, wanda bai shiga ba kada ya raina wanda ya shiga, wanda ya shiga kuma kada ya kira ɗan'uwansa baƙauye. Abin da za a tambaye mu a kai shi ne kwanakin da aka ba mu da amanar da aka damƙa mana. Kowa ya koma gida ya duba sa'o'insa, ya duba ƙofarsa, ya yanke wa kansa hukunci tun yana da ikon yankewa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuma shi ne mafi sani. Allah ya sa albarka a lokutanmu, ya suturta mu duniya da lahira, ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga cutar da bayinsa. Allah ya ƙara wa shehunanmu yarda, ya jiƙan magabatanmu, ya shirya zuriyarmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci, ya kuma maimaita mana na baɗi da rai da lafiya da imani.